Yadda zaka gane tsatsa da karcen diskin birki a motar da bata cika fita ba, da gyaran da ya dace

Motar kawuna ce ta ja na zauna rubuta wannan. Shekararta shida a hannunsa amma in ka leƙa mita bata cika kilomita 21,000 ba, shi mutum ne da baya zuwa ko'ina da ita sai ɗan zagayen cikin gari sau ɗaya ko biyu a sati, kuma tuƙinsa irin na lallaɓawa ne, tun daga nesa yake sakin totur motar ta gangara da kanta har ta tsaya. Ya kaita sabis, bakanike yace masa diskin baya duka biyun sun tashi daga aiki sai dai a sa sabbi. Ya kirani ransa a ɓace, yace kai ɗan nan, wai ni za'a yiwa wayo? Motar da ko tayoyin da tazo dasu ban canza ba ace birkinta ya mutu? Nace Kawu Allah ya huci zuciyarka, bari nazo na gani da idona. Da na je na leƙa ta ramin rim gaskiya nima na fara zargin bakaniken, domin fuskar waje ba laifi, sai da muka cire taya na haska fitila ta bayan diskin, kai, abin kamar ɓawon tsohon itace, yana ɓarɓashewa in ka taɓa. Bawan Allah gaskiya ya faɗa.

Toh abin da mutane basu cika sani ba kenan, diskin birki zama yana cinsa fiye da tafiya. Diski dai shine farantin ƙarfen nan dake juyawa tare da taya, fad guda biyu su matse shi ta ciki da waje in ka taka birki. A yawancin motoci da ƙarfen zubi ake yinsa, wanda yake da kabon wajen kashi 3 cikin 100, an zaɓe shi ne saboda yana jure zafi, yana shanye ƙara, ga sauƙin ƙerawa, amma aibinsa ɗaya, baya ga maciji da ruwa. Ka wanke mota da safe, kafin azahar zakaga diski yayi ja. Kuma ba'a iya yiwa wajen da fad ke gogawa fenti, ko an yi ma takun birki na farko zai share shi. Shi yasa na babur baya yin haka sosai, nasu yawanci da ƙarfen da baya tsatsa ake yi, tunda ƙanana ne kuma a fili suke kowa na gani.

Fad shine tsintsiyar diski. Motar da ake hawa kullum, duk tsatsar da ta kwana akai da safe fad zai share ta kafin a kai bakin titi. Wadda take kwana goma, sati uku a ajiye kuwa, tsatsar tana samun lokacin nutsewa cikin ƙarfen, ta haƙa ƙananan ramuka, sannan ranar da aka fita sai a taka birki a hankali yadda bazai iya kankare ta ba, sai ma ɓarɓashinta ya maƙale cikin fad ya riƙa zana layi a jikin diski kamar garma. Na baya sun fi shan wahala domin birkin gaba ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 ko ma fiye na aikin tsayar da mota, in mai tuƙi ɗaya ne a ciki ba kaya a but, na baya kusan shafa kawai suke yi. In motar ta taɓa zama a ƙasashen sanyi inda ake watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, ko tana zaune kusa da teku, abin sai ya ninka. Motocin lantarki da masu haɗa inji da batir irin su Prius suma haka, domin su injin lantarkin ne ke rage gudu yana cajin batir, fad baya taɓa diski sosai, har ta kai Volkswagen ta koma sa birkin ganga a bayan motocinta na lantarki ID.3 da ID.4, tunda shi a rufe yake ruwa baya samunsa kai tsaye.

Yanzu ga yadda zaka bi abin da kanka.

Mataki na farko: kallo kawai, kar ka taɓa sifana tukuna

Ka samu fitila mai haske, ta waya ma ta isa, ka tsuguna ka leƙa ta ramukan rim, motar a sanyaye. Tayoyin gaba ka murɗa sitiyari har ƙarshe zaka fi gani. Abin da kake nema shine ka gane wace irin tsatsa ce, domin iri uku ce kuma hukuncinsu ba ɗaya bane.

Akwai ta sama-sama, launin ruwan lemo, siririya kamar an barbaɗa hoda, ta rufe fuskar diskin ko'ina daidai. Wannan ba komai bace wallahi, ko sabuwar mota dal a wajen masu sayarwa tana yi, kar kowa ya tsorata ka da ita. Akwai kuma wadda ke kan wuyan diski, wajen tsakiya inda noti suke, da bakin gefe inda fad baya kaiwa. Muni ne kawai, sai dai in ta fara ɓarewa falle-falle. Ta ukun itace matsala, launinta yafi duhu, kamar ƙasa-ƙasa ko baƙi, tana da kaushi, kuma zakaga ta ci zobe daga gefen waje da gefen ciki tana matsowa tsakiya, wajen da ke sheƙi ya rage ɗan siririn layi. Ma'ana fad ɗinka mai faɗin yatsa uku, yatsa ɗaya da rabi ne kawai yake kama ƙarfe mai kyau, sauran yana kan tsatsa. Wani lokacin kuma zakaga hoton fad ɗin sak a jikin diski, kamar an buga hatimi, wannan alamar an ajiye motar da jiƙaƙƙen birki ta daɗe a waje ɗaya.

Mataki na biyu: fita da ita ka bata aiki

Kafin ka yanke hukunci akan kowace tsatsa sai ka baiwa fad dama ya share abin da zai iya sharewa. Ka nemi miƙaƙƙen titi wanda ba cunkoso, busasshe, ka kai gudun kilomita 60, ka duba madubi ka tabbatar ba kowa a bayanka, sai ka taka birki da ƙarfi daidai misali, ba irin na gaggawa da zai sa ABS, na'urar hana taya kullewa, ya fara kakkarwa ba, ka sauko zuwa wajen 10 ko 15, kar ka tsaya cak, ka sake tashi. Kayi haka sau shida zuwa takwas. Na farko da na biyu zakaji gurr-gurr kamar ana niƙa yashi, kar ka damu, tsatsar ce ke fita. Bayan nan kayi tafiyar minti biyar ba tare da yawan taka birki ba domin ya huce.

Kana yi kana saurara. In ƙarar ta ɗauke bayan taku uku ko huɗu, kuma feda lafiya ƙalau, toh tsatsar sama ce ta tafi. In kuma ƙarar ta ƙi tafiya, ko sitiyari na rawa a hannunka duk sanda ka taka, ko feda na bugun tafin ƙafarka a hankali a hankali daidai da juyawar taya, ko motar na ja gefe ɗaya, sai an cire taya. Rawar sitiyari yawanci daga gaba take, in kuma a kujera da feda kake jinta yafi yawa daga baya.

Wata dabara kuma a wata fitar daban, kayi tafiyar minti goma kana kiyaye birki, ka tsaya a hankali, ka zagaya kana kai bayan hannunka kusa da kowane rim. Kusa nace fa, kar ka taɓa diskin, zai iya sale maka fata nan take. In ɗaya yafi ɗan uwansa na ɗaya gefen zafi sosai, ko kana jin ƙauri, wannan birkin a riƙe yake baya saki. In kuma ɗaya sanyi ƙalau alhali sauran da ɗumi, shi kuma baya kamawa kenan.

Mataki na uku: cire taya ka duba fuskar ciki

Anan ne gaskiya take. Ka ajiye motar a daidaitaccen waje mai tauri, ka sa giya ko P, ka tokare tayoyin da baza ka ɗaga ba. Ka sassauta noti tun taya na ƙasa, sannan ka ɗaga da jak, ka sa ƙafar tsaro ta ƙarfe a ƙarƙashi. Dan Allah kar ka zura kai ko hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, jak ɗin da ke zuwa a but na canza taya ne a bakin hanya ba na aiki ba. Tayar da ka cire ma ka kwantar da ita ƙarƙashin motar, ƙarin tsaro ne kyauta. In na baya kake dubawa sai ka saki birkin hannu, in ba haka ba diskin bazai juya ba.

Fuskar ciki tana fakewa ne bayan wani siririn kwano na kare ƙura, iska bata ratsa wajen sosai, danshi yana daɗewa, kuma ba mai ganinta, shi yasa kusan kullum tafi ta waje lalacewa. Ka haska fitila ta tsakanin kwanon da diskin kana juya shi da hannu, ko ka zura waya ka ɗauki hoto. Na Kawu a nan muka gano, waje na sheƙi ciki kuwa zoben tsatsa ya cinye fiye da rabi.

Sai gwajin farce. Ka ja farcenka daga tsakiya zuwa gefe, kana tsallaka layukan. Ƙananan layuka irin waɗanda ido ke gani amma farce na wucewa sumul, kowane diski yana dasu, aikin fad ne na yau da kullum. Wanda farce ke sarƙewa a ciki ya tsaya, shi ake kira karce na gaske. Ɗaya ko biyu marasa zurfi ana iya zama dasu, amma in zurfin ya doshi milimita ɗaya da rabi, ko kuma sun yi yawa fuskar ta koma kamar kunyoyin gona, wannan diskin ya gama. Karce yana zuwa ne ta hanya uku galibi, ɓarɓashin tsatsa da ya nutse a fad, ko ɗan tsakuwa da ya maƙale tsakanin fad da diski ko tsakanin kwanon ƙura da diski, wannan shi ke yin ƙiiii mai tada hankali ko baka taka birki ba, ko kuma fad ya cinye har ƙarfen bayansa ya fito yana gurzar diski. A motar da bata yawo na ukun ba kasafai bane, amma akwai wani abu mai kama dashi da ya kamata ka duba: tsatsa na shiga tsakanin naman fad da ƙarfen bayansa ta ɗaga shi, sai kaga fad da kaurinsa kamar sabo amma gefensa ya buɗe baki, wata rana ya ɓalle gaba ɗaya. In kaga haka kar kayi ta lissafin kauri, ka jefar.

Ka duba gefen diski kuma, in akwai tudu kamar leɓe a bakin, alamar tsakiya ta cinye ce. In diskin mai rami ne a tsakiya, wato faranti biyu da haƙarƙari tsakaninsu na shigar iska, ka leƙa ramukan, ka ɗan ƙwanƙwasa gefen da ƙaramar guduma a hankali. In tsatsa na zubowa manya-manya har ramukan sun toshe, zafi bazai riƙa fita ba. Shuɗin tabo ko tsaga kuma, musamman tsagar da ta kai bakin gefe, ba sai an yi shawara ba.

Sannan awo. Kowane diski an buga masa iyakar kaurinsa a jiki, a wuya ko a bakin gefe, zakaga MIN TH da lamba a gaba, wataƙila sai ka goge da buroshin waya kafin ta fito. Yawanci tazarar sabo da iyakar bata wuce milimita 2 ba, misali sabo 24 iyaka 22, na baya marasa rami ma wani lokacin bata kai haka ba. Da ma'aunin kauri da ake kira maikiromita ake aunawa, kamar santimita ɗaya daga bakin gefe, a waje shida ko takwas kana zagayawa. In baniya kake da ita, ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa, leɓen nan zai yaudare ka ta nuna kauri fiye da gaskiya, dabarar itace ka ɗora washa ɗaya ta ciki ɗaya ta waje akan fuskar da fad ke gogawa, ka auna duka, ka cire kaurin washa biyun. Fad kuma sabo yana kaiwa milimita 10 zuwa 12 a gaba, in ya sauko 3 lokacin canji yayi. A Birtaniya inda mota ke shiga gwajin lafiyar mota da ake kira MOT duk shekara da zarar ta cika shekara uku, fad da ya gaza milimita 1.5 faɗuwa ne kai tsaye.

Mataki na huɗu: kalifa, wanda kowa ke tsallakewa

In kaga diski ɗaya ya lalace ɗan uwansa lafiya, ko fuskar ciki ta mutu ta waje na sheƙi, ko fad ɗaya ya cinye ɗayan kamar ba'a taɓa shi ba, toh wataƙila ba zama kaɗai bane, kalifa ce, wato ƙarfen da ke rungume da diski yana matse fad a jikinsa, bata aiki daidai, kuma in ka sa sabon diski ka barta haka, shekara ɗaya ko biyu zaka dawo gidan jiya. Yawancin ƙananan motoci kalifarsu mai zamiya ce, fistin ɗinta a gefen ciki kawai yake, in ya tura fad na ciki sai jikin kalifar gaba ɗaya ya zame akan wasu 'yan sanduna guda biyu da ake kira fin ya jawo fad na waje. Fin ɗin nan a cikin giris suke, da 'yar roba mai lanƙwasa a bakinsu. Mota in tana zaune giris ɗin yana bushewa ya koma kamar danƙo, in robar ta tsage ruwa ya shiga, shikenan fin ya kafe.

Ka kwance kusoshin kalifa biyu, ka zare ta, ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kar ka barta tana lilo akan tiyon man birki. Ka kama kan kowane fin da yatsu biyu ka ja ka tura. Ya kamata ya shiga ya fita sumul. Na Kawu na ƙasan sai da muka sa filaya muna murɗawa kafin ya fito, yayi ja kamar tsohuwar ƙusa. Ka goge shi tas, in tsatsar sama ce sanfefa mai laushi ta isa, in ya yi ramuka ka sayi sabo da robarsa, ba abu ne mai wuyar samu ba. Giris ɗin da zaka sa na silikon ne ko wanda aka rubuta na kalifa ne, kar ka sa giris ɗin boris na gama gari, yana kumbura robar fin ɗin ya sake kafewa, wannan kuskuren ko wasu masu sana'ar suna yinsa.

Sai kunnuwan fad inda suke zama a cikin mariƙin kalifa. Akwai wasu 'yan siraran ƙarafa masu sheƙi a wajen, tsatsa na taruwa a ƙarƙashinsu ta ɗaga su ta matse fad ɗin ya kasa motsi. In sai da guduma fad ya fita, wannan ne. Ka cire su, ka kankare wajen da buroshin waya ko fayil har kaga ƙarfe, ka mayar ko ka sa sabbi, fad ya riƙa zamewa da turin yatsa. Robar bakin fistin ma ka duba, in ta yage ko kaga danshin mai a wajen, wannan aikin bakanike ne kar kayi kasada. Kuma kar ka hure ƙurar birki da baki ko iskar kwamfireso, bata da kyau ga huhu, tsofaffin fad ma wasu da asbestos a ciki, ka fesa maganin wanke birki ta gangara ƙasa.

Mataki na biyar: yanke hukunci

In bayan gwajin titi fuska biyun sun fito fes, ba karcen da ke riƙe farce, kauri na sama da iyaka, ka mayar da tayarka ka manta. In ɗan kaushi ne ko hoton fad da bai nutse ba, kana iya bin fuskar biyu da sanfefa mai lamba 120 kana zagayawa daidai ko'ina, ka ɗan goge fuskar fad ɗin ma akan sanfefar da aka shimfiɗa a daidaitaccen waje mai tauri domin fitar da ɓarɓashin da ya maƙale, ka wanke da feshin birki. Abin da bazaka taɓa yi ba shine shafa mai, ko giris, ko fesa WD-40 ko wani maganin tsatsa a fuskar diski, ko wa ya baka shawarar. Fad yana tsotse mai, in ya sha shikenan ka rasa birki a wannan tayar.

Kankare fuskar diski a injin juyi kuwa, tana yiwuwa in diskin na da sauran nama yadda bayan an gama zai tsaya sama da MIN TH da ɗan rata. Ni dai a ra'ayina ga diskin da tsatsa ta haƙawa ramuka bata cika biyan wahala ba, domin kafin wuƙar ta kai ƙasan ramin milimita biyun nan sun tafi, ka ƙare da siririn diski mai saurin zafi. Ma'aunina shine in wajen da ke sheƙi bai kai kashi uku cikin huɗu na faɗin fad ba a kowace fuska, ko tsatsar na ɓarewa, ko karce mai zurfi, na canza. Kuma bibbiyu ake canzawa, hagu da dama tare, da sabbin fad. Tsohon fad ya riga ya ɗauki zanen tsohon diski, in ka ɗora shi akan sabo zai kwafe masa karcen tsaf. Tunda motar bata yawo, ka nemi diski mai rufin kariya, irin masu launin toka ko baƙi da aka shafe wuyansu da ramukansu da sinadarin zink, fuskar dai zata ci gaba da yin ja bayan ruwa amma gefe da ciki zasu daɗe.

Mataki na shida: in da kanka zaka canza

Bayan kalifa sai ka kwance mariƙinta, kusoshinsa manya ne kuma a ɗaure tam. Wasu diskin da ƙaramin sukuru ɗaya ko biyu a fuska, yana son cinyewa, ka danna sukudireba sosai ka ɗan buga mata kafin ka murɗa. In diskin ya manne da hob, wato ƙarfen da diski da taya suke zama akai, ka buga wuyansa da guduma tsakanin kusoshin taya, yawancin motocin Japan kuma suna da ramuka biyu masu zare a wuyan diski, ka ɗaura kusa mai lamba M8 a ciki kana juyawa bi da bi, zai ɓallo da kansa. Na baya in birkin hannun yana cikin wuyan diskin ne kamar 'yar ganga, ka tabbatar a sake yake, wani lokacin sai ka sassauta ajasta, wato abin daidaita birkin hannun, ta wani ɗan rami dake wajen.

Yanzu wajen da aikin yake lalacewa ko ya gyaru: fuskar hob. Ka goge ta da buroshin waya da sanfefa har tayi sheƙi, ko ƙwayar tsatsa kar ka bari. Karkatar da ake yarda da ita a diski bata wuce wajen milimita 0.05 ba, ƙasa da kaurin gashin kai kenan, ɗan ɓarɓashi ɗaya a ƙarƙashi ya isa ya sa sabon diski ya riƙa layi, bayan 'yan dubban kilomita sitiyari ya fara rawa kace diskin jabu aka sayar maka. Sabon diski in mai sheƙin mai ne a jiki ka wanke fuska biyun da feshin birki, masu rufin kariya yawanci ba'a goge su, ka karanta kwalin.

Kafin ka mayar da fistin ciki ka buɗe murfin tulun man birki ka sa ido kar ya tumbatsa, yana cin fenti. Na gaba turawa kawai ake yi a hankali. Na baya da yawa sai ana murɗawa ana turawa lokaci ɗaya da wani ɗan makulli na musamman, in ka matse shi da ƙarfi kawai zaka fasa abin ciki. In kuma birkin hannunka na maɓalli ne, sai an sa motar a yanayin gyara tukuna, wasu ta allon mota wasu sai da kwamfuta, in baka da ita ka barwa masu ita. Ka ɗaure komai yadda littafin motar ya faɗa, notin taya a ƙananan motoci yawanci tsakanin 100 da 140 Nm ne, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, ka ɗaure su tsallake-tsallake ba a jere ba, da sifana mai auna ƙarfi in da hali. Kafin ka motsa motar ko taku ɗaya, ka taka feda sau da yawa har tayi tauri, gajeren taku, kar ka kaita har ƙasa. Wanda ya manta wannan zai fita a ribas ya taka yaji wayam.

Sabon birki yana son a saba masa. Irin gwajin mataki na biyu zaka maimaita, sau takwas zuwa goma daga 60 zuwa 10 da matsakaicin ƙarfi, kar ka tsaya ka danne feda akan diski mai zafi, sannan kilomita 200 zuwa 300 na farko ka guji birkin gaggawa in ba dole ba. Bayan kilomita 50 ka sake bin notin taya.

Yadda zaka hana ta dawowa

In ka wanke mota ko ruwa ya dake ta a hanya, kar ka shigar da ita ka kulle haka, ka zagaya da ita ko minti uku ne kana taka birki ya bushe da zafinsa. In zata daɗe a ajiye kuma wajen a daidaice yake, ka barta a giya ko P ka tokare taya, ka saki birkin hannu, domin shi ke manne fad da diski har ranar fita kaji ƙas kamar wani abu ya karye. Ajiyewa akan ciyawa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa yafi siminti illa, tamfol ɗin da ya sauka har ƙasa shima yana tara gumi a ƙarƙashi. Man birki kuma baya duba mita, shekara yake dubawa, yana tsotsar danshi daga iska ko motar bata motsa ba, man birki irin DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa ana lissafa shi a 155, ga ruwan yana cin fistin ta ciki, shi yasa ake cewa a canza shi duk shekara biyu. Fin ɗin kalifa ma a buɗe a sa musu giris a daidai wannan lokacin.

Kawu dai mun canza masa diskin baya da fad, da fin ɗaya, da man birkin da tun daga kamfani ba'a taɓa shi ba, ya fito kamar ruwan kwata. Nace masa duk sati ya fita da ita babban titi na minti ashirin ya taka birki da ɗan ƙarfi sau biyar ko shida in ba kowa a bayansa. Ya kalle ni yace wato yanzu sai na ƙona mai domin kar birki yayi tsatsa? Nace eh Kawu, haka abin yake. Watanni takwas kenan, rannan na cire tayar baya na leƙa ciki da fitila, fuskar na sheƙi daga gefe har gefe.